Kun San Bencin Arsenal, Wa Ya San Golan Wikki?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya samu ta aro.

Akwai wani kwas da kusan kowane ɗalibi a manyan makarantunmu yake ɗauka ba tare da ya yi rajistarsa ba. Ba shi da lakcara, ba shi da yunit, ba ya shiga GP, amma ba a fashinsa ko ranar jarrabawa. Sunansa musun ƙwallo. Ana yin ajinsa a teburin mai shayi, a bakin hostel, a layin ɗibar ruwa, a cikin keke Napep daga Yelwa zuwa Wunti, har a bayan masallaci kafin a tayar da iƙama. Ko kana ATBU, ko Fedpoli ta Gwallameji, ko Tatari Ali, ko kana can BUK ko ABU ko Ɗanfodiyo, manhajar ɗaya ce. 'Yan mata ma yanzu sun shigo ajin, kuma wallahi wasunsu sun fi mu iya tsokana.

Kowa ya san 'yan ajin. Ɗan Madrid ba ya dogon musu, lamba ɗaya yake faɗa, 15, ya kurɓi shayinsa. Ɗan Barcelona yana cikin bayanin kyawun tiki-taka sai wani daga baya ya ce "takwas da biyu", shi ke nan an ɓata masa rana, alhali tun 2020 Bayern ta yi musu wannan aika-aikar. Ɗan Manchester United malamin tarihi ne, duk zancensa yana farawa da "lokacin Ferguson", domin tun da dattijon ya ajiye aiki a 2013 abin bai sake daidaita ba. Ɗan Chelsea ba ya iya kawo sunayen 'yan wasansa gaba ɗaya saboda yawansu, amma yana riƙe da 2012 da 2021 kamar takardun filin gado. Mu kuwa 'yan Arsenal, e, ni ma a nan nake, mun zo na biyu sau uku a jere, 2023 da 2024 da 2025, mun zama abin tausayi har mai shayi yana ƙara mana madara.

Ba raina wannan musun nake ba. Ni a ganina akwai ilimi a cikinsa fiye da yadda iyayenmu suke zato. Yaron da ke kuka da lissafin aji ɗaya zai zauna ya yi maka lissafin maki nawa kulob ɗinsa yake buƙata a wasa bakwai da suka rage, ya haɗa da bambancin ƙwallaye, bai taɓa kalkuleta ba. Zai gaya maka dalilin da ya sa bai kamata koci ya saka ɗan wasa kaza ranar Asabar ba tunda akwai gasar Zakarun Turai ranar Talata. Zai faɗa maka wanda kwantiraginsa ya rage shekara ɗaya, da abin da ya sa dole a sayar da shi yanzu ko ya tafi a kyauta kamar yadda Mbappe ya bar PSG zuwa Madrid a 2024. Idan aka buɗe kasuwar 'yan wasa, akwai waɗanda suke duba shafin Fabrizio Romano kafin su gaida iyayensu da safe. Wannan duk nazari ne, da a ce a furojet ake zuba shi da an ga aiki.

Abin da ya sa na ɗauki waya na fara rubutun nan shi ne, ni majalisa biyu nake zama. Ni ɗan Ƙofar Dumi ne a cikin garin Bauchi, daga gida nake zuwa makaranta. Da rana ina majalisar ɗalibai, da dare ina ta unguwa, inda akwai tela, da mai gyaran waya, da direban keke, da wani ƙanen mahaifiyata da ya fi shekara talatin yana bin Wikki Tourists. A majalisar unguwa ma ana musun Turai sosai. Bambancin kawai, in an gama da Landan da Madrid sai a dawo gida: wa Wikki za ta kara da shi ranar Lahadi, wa ya ji rauni, wane ɗan baya ne ya kamata a ajiye a benci. A majalisar makaranta kuwa in ka kawo zancen Wikki sai a dube ka kamar ka shigo lakca da buta. "Kai har yanzu kana kallon lokal?"

Wata rana wasu abokaina uku 'yan ajinmu suka raka ni gida, muka tarar da Kawu a ƙofar gida. Bayan gaisuwa sai musu ya tashi a kan wanda ya kamata Arteta ya fara da shi a gaba. Kawu ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce, "Samari, Allah ya yi muku ilimi. To a cikinku wa zai faɗa mini sunan golan Wikki?" Shiru. Biyu daga cikinsu 'yan jihar Bauchi ne. Ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baba, ai ba a nuna su a talabijin sosai." Kawu ya nuna hanya da haɓarsa ya ce, "Filin yana nan cikin gari, ɗana. Kuɗin keke ne tsakaninku."

Bari in ɗan ba waɗanda ba 'yan Bauchi ba labarin kulob ɗin, har da 'yan Bauchin da ba su sani ba. An kafa Wikki Tourists a 1991, gwamnatin jiha ce mai shi. Sunan daga ruwan ɗumin Wikki da ke dajin Yankari aka samo shi, kuma giwa ce alamarsa. A 1998 ya ci kofin ƙalubale na ƙasa, ya doke maƙwabciyarmu Plateau United a bugun fenareti. Ba a haife ni ba lokacin, amma na ji labarin daren a bakin Kawu ya fi sau hamsin, kuma kullum mutanen da suka fito titi ƙaruwa suke yi. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda wasu suke wucewa ta gabansa ba su ko waiwaya ba, ya karɓi wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999. A nan Japan ta buga wasanninta da dama kafin ta kai wasan ƙarshe, inda Sifaniya ta su Xavi ta doke ta a Legas. An sake dawowa Bauchi a 2009 da gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Ko kasuwar da muke zuwa sayen doya da kayan miya, Muda Lawal, sunan ɗan ƙwallo take ɗauke da shi, ɗan tsakiyar da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe lokacin da Najeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka a 1980. Garin nan da ƙwallo ba yau suka san juna ba.

Ni shekarar da na buɗe ido da Wikki ita ce 2016. Ina ƙaramar sakandare, Kawu yana riƙe hannuna a ƙofar shiga saboda turmutsitsi. Abdu Maikaba ne koci. Godwin Obaje ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Muka ƙare na uku, bayan Enugu Rangers da Rivers United, muka samu tikitin gasar Afirka. Ku tuna, shekarar ce Leicester ta ci Firimiyar Ingila duniya ta yi ta mamaki. Mu a Ƙofar Dumi muna da tamu Leicester ɗin a gida.

To ga darasin kasuwar 'yan wasa da ba za ka koya a shafin Fabrizio ba. Kafin a shiga kaka ta gaba, Maikaba ya koma Akwa United, inda ya ci musu kofin ƙalubale a 2017. Obaje ya tafi Ifeanyi Ubah. Muka shiga gasar Afirka, kulob ɗin sojojin Saliyo ya fitar da mu tun a zagayen share fage. Ɗan Arsenal yana kukan an sayar da Van Persie ga United a 2012, amma aƙalla an ba kulob ɗinsa miliyoyin fam. A gasarmu ta gida yawanci kwantiragin gajere ne, ɗan wasa ya yi kaka ɗaya mai kyau, wanda ya fi ka kuɗi ya kira shi, ya ɗauki jakarsa. Kuma ba ka da bakin zaginsa, don ka san yana da iyaye da ƙanne da yake ciyarwa, kuma ƙafa ba ta da fansho. Neymar shi kaɗai Yuro miliyan 222 PSG ta biya a kansa a 2017. Remo Stars da ta ci gasar Najeriya gaba ɗaya a 2025, kyautarta Naira miliyan 200 ce. Masu karanta ikonomiks ku canza kuɗin ku gani, ni na gwada kaina ya yi ciwo.

Haka maganar hutar da 'yan wasa. Muna zama mu zagi Guardiola don ya ajiye wane ya saka wane, muna cewa 'yan wasa sun gaji da tafiya, alhali jirgi suka hau na awa biyu suka sauka a otal mai tauraro biyar. Gasar Najeriya kulob 20 ne, wasa 38. Ka ɗauki taswira ka duba Bauchi zuwa Aba, ko Fatakwal, ko Ikenne ta jihar Ogun. Mafi yawan tafiyar nan a mota ake yinta, a kan hanyoyin da ni da kai muka sani, da ramukansu da shingayensu da fargabarsu. Ɗan wasa ya wuni ya kwana a zaune ƙafa a lanƙwashe, ya sauka ya buga minti 90, ya sake hawa mota ya dawo, wani lokaci ga wasan tsakiyar mako yana jira. Kocin da yake juya 'yan wasansa a wannan hali, shi ya kamata a zauna a yi nazarin dabararsa. Duk wanda ya taɓa hawa motar haya daga Bauchi zuwa Legas ya san ko jarrabawar baka ba zai iya ba washegari, balle ya tare ɗan gaba mai gudu.

Sai maganar wasannin yanke hukunci, inda zuciya take bugawa. A 2023 an gajarta kakar, aka raba kulob 20 gida biyu, goma goma, wasa 18 kacal. Na saman suka tafi Legas buga Super 6, Enyimba ta ɗauki kofi ƙarƙashin Finidi George. Na ƙasan kuma biyu daga kowane rukuni suka faɗa gasa ta biyu. Wikki na ciki, tare da El-Kanemi da Nasarawa United da Dakkada. Daren da abin ya tabbata Kawu bai fito majalisa ba. Matarsa ta ce tuwon ma cokali biyu ya yi ya ture. A makaranta kuwa washegari babu wanda ya ma san an yi, ana can ana musun ko City za ta haɗa kofi uku.

Kaka biyu muka yi a ƙasa. Wanda bai taɓa bin kulob a gasa ta biyu ba bai san haƙuri ba. Babu talabijin, sakamako sai ka bi shafukan Facebook kana sabuntawa, wani ya rubuta an ci, wani ya ce ƙarya ne ofsaid ne. Sai a 2025, da Maikaba ya dawo, aka je Super 8 a Asaba, Wikki ta samu tikitin dawowa tare da Warri Wolves da Barau FC ta Kano da Kun Khalifat. Na ga murnar cin wasa iri-iri a gidan kallo, na ga an ɗaga benci, na ga an fasa fanka. Amma irin ta ranar daban ce. Dattawa ne suke rungumar juna suna hamdala kamar an sauke farali.

Ina da aboki ɗan Kano a ajinmu, ɗan Fagge, Pillars a jininsa take. Shi kaɗai nake samun musu mai daɗi da shi. Yana fara mini da kofunansu huɗu, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ya ƙara da Rabi'u Ali Pele da Ahmed Musa, ya rufe da cewa kocin da muke taƙama da shi ma ɗan Kano ne, aro suka ba mu. Ni kuma in tuna masa cewa Masu Gida ma sun sauka gasa ta biyu a 2022, tare da Katsina United. Ɗan Gombe in ya sa baki mu haɗu mu tuna masa 2024. Ɗan Jos ya ce sun ci gasar a 2017, in ce masa 1998 fa? Ɗan Maiduguri ya ɗago kofin ƙalubalen da El-Kanemi ta ci a 2024. Wannan musun yana da ɗanɗanon da na Turai ba shi da shi, domin wasan dangi ne. Garin da kake tsokana ka taɓa kwana a cikinsa, ka ci masarsu ko gurasarsu, wataƙila ma yayarka tana aure a can. In na ce wa ɗan Chelsea kulob ɗinsa banza ne, babu wanda ya ji a Landan. In na ce wa abokina Pillars ta tsufa, sai ya kira yayansa a waya ya sa a sifika.

Kwanaki na kalli wani bidiyo a YouTube a kan wasan besbol na Amurka, wanda ake jifa da ƙwallo ana dukanta da sanda. Ban gane dokokinsa duka ba, amma na gane magoya bayansa sarai, don irinmu ne. Kowane kulob wasa 162 yake bugawa a kaka, shi ya sa suke jera masu jifa kamar biyar suna karɓa-karɓa, kuma a kan wannan jerin magoya baya suke raba hali, kamar yadda muke yi a kan sha ɗayan farko. Mutanen Boston sun shekara 86 ba su ci kofi ba, daga 1918 zuwa 2004, suna ɗora laifin a kan sayar da gwarzonsu Babe Ruth ga abokan gabarsu New York Yankees. Chicago Cubs kuwa shekara 108 suka yi suna jira, daga 1908 har 2016. An haifi mutum ya tsufa ya mutu bai ga kofi ba, ɗansa ya gaji kujerarsa a fili. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kulob ɗin garinsu ne, ba zaɓa suka yi don yana ci ba. Mu da yawanmu mun zaɓi kulob ne ranar da muka ga ya ɗaga kofi, ko don Kanu yana Arsenal, ko Mikel yana Chelsea. Na san wanda ya yi Barcelona, ya yi PSG, yanzu yana tashi tsakar dare kallon Inter Miami. Wannan ba kulob yake bi ba, Messi yake yi wa rakiya.

Na san abin da za ku rubuto a ƙasa, kuma kuna da gaskiya a wani ɓangaren. Za ku ce filayenmu akwai rigima, ana jifa, ana tsorata alƙalin wasa, baƙo ba ya cin wasa a waje sai da ikon Allah, ga 'yan shaye-shaye a wasu kusurwoyi. Ana yi. An sha cin tarar kulob-kulob na Arewa da na Kudu, an sha kore su daga filayensu saboda halin magoya baya. Za ku kuma ce wasan ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi yana karo da babban wasan Ingila. Haka ne. Amma ku duba wannan: in duk masu hankali, masu karatu, masu iya nazarin wasa sun ƙaurace wa fili sun koma gidan kallo, wa aka bar wa filin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana kwana a ɗakin. Mu ne masu karanta aikin jarida da ya kamata mu riƙa rubuta rahoton wasa, masu kwamfuta da za su iya tattara alƙaluman 'yan wasa, masu koyon gashin ƙashi da kula da lafiyar 'yan wasa, masu shari'a da wata rana za su duba kwantiragin yaron unguwarsu kafin ya sa hannu. Duk wannan aikin yi ne, a ƙasar da muke kukan babu aiki.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. Wani ɓangare na zafin musun Turai a makaranta yanzu ba son kulob ba ne, tikitin caca ne a aljihu. Na san ɗalibin da kuɗin rajistarsa ya tafi a wasa ɗaya da ya tsinke masa a minti na 90, ya koma gida ya ce an ƙara kuɗin makaranta. Na ga abokai biyu 'yan ɗaki ɗaya sun yi semesta guda ba sa magana, asalin abin wai fenareti ne, amma kuɗi ne a ƙasa. Mun san hukuncin caca tun muna makarantar allo, ba sai na yi wa kowa wa'azi ba. Abin da zan ce kawai, in ka ga mutum yana zagin uwar ɗan wasan da bai san da zamansa a duniya ba, jijiyar wuya a tashe, ka tambaye shi nawa ya saka.

Ni ban ce kowa ya bar kulob ɗinsa na Turai ba. Ni kaina ranar Asabar ina gidan kallo a layin gaba, kusa da fanka, ina addu'ar kada janareto ya mutu. Roƙona ƙarami ne. A semestar nan, Lahadi ɗaya tak, ku haɗa kanku ku biyar ko goma ku je filin garin da kuke karatu. Na Bauchi ku zo Tafawa Ɓalewa, na Kano ku je Sani Abacha a Ƙofar Mata, na Katsina ku je Muhammadu Dikko. Ku je da wuri, ku zauna inda dattawa suke, ku bar wayar a aljihu minti 45 na farko. Ku yi wa kocin irin binciken ƙwaƙwaf ɗin da kuke yi wa Arteta. In wasan bai yi muku ba, ku dawo nan ku zage ni, na yarda. Wanda yake Bauchi kuma bai san hanya ba ya yi mini magana, mu haɗu a Ƙofar Dumi bayan azahar mu tafi tare. Kuɗin keke dai kowa ya riƙe nasa, ni ma ɗalibi ne.

Yanzu ga aikin gida. Kowa ya rubuta garinsu, da kulob ɗin garinsu, da sunan golansu na yanzu. Ban da leƙa Google, Allah yana gani. 'Yan Pillars ku yi a hankali, ba ku kaɗai ba ne a Arewa.